Ƙafa Ɗaya a Sotkamo

Shekara arba'in ina bin kwari biyu
da injin gari ke tsagawa cikin dusar ƙanƙara,
katakon dama a nasa, na hagu a nasa,
ba mai ce wa wani matsa.
Sai bana, Saimi jikata ta wuce ni fiu
a shimfiɗaɗɗen fili,
katakanta a buɗe kamar bakin almakashi,
ta waiwayo tana dariya.
Na ce in dai ana koya, ni ma zan iya.

Veikko ne malamin.
Tsohon ma'aikacin injin yanka katako,
yatsu uku a hannun hagu, magana a cokali.
Ya dube ni na minti biyu,
ya miƙo hannu: "Kawo sandunan."
Ya soke su a gindin itace,
ya bar ni da hannuwa biyu ban san inda zan kai su ba.

"Marjatta," in ji shi, "raba gardama kike yi.
Kin tsaya tsakanin katako biyu,
kowanne kin ba shi rabin nauyinki,
shi ya sa ba wanda ya ɗauke ki.
Hanci, gwiwa, babban yatsa,
ki jera su bisa katako ɗaya,
ki zauna a can har ya gama maganarsa."

Na jera. Na yi tangal-tangal. Na faɗi tim.
Ƙanƙara ta shiga wuyan rigata,
ta gangara tana ƙirga ƙashin bayana.
Sau bakwai ran nan.
Na takwas ban ƙirga ba, don kan gwiwa na sauka.

A gida na zama zalɓe.
Ina goge haƙora da ƙafa ɗaya,
ina jiran tafasar gahawa da ƙafa ɗaya,
ido a rufe, idon sawu yana rawa
kamar yana neman wani abu da ya ɓata a duhu.
Maƙwabcina ya hango ni ta taga,
washegari ya tambaya ko ƙafar ce ke ciwo.

Rana a nan ba ta daɗewa cikin Janairu.
Ƙarfe uku ta tattara kayanta,
sai fitilun hanya, sai tururin baki,
gashin ido ya daskare ya yi fari.
Veikko na biye da ni yana ƙirgawa:
"Ɗaya. Kin gudu tun ban ce biyu ba.
Lanƙwasa idon sawu. Ture gefe, ba baya ba.
Me kike sauri? Wa ya biyo ki?"

Ba wanda ya biyo ni.
Tsoro ne kawai, na sakin ƙafar da na sani
kafin in tabbata da wadda ban sani ba.
Haka na yi da aiki, haka na yi da gidan da na ƙi sayarwa,
amma wannan ban gaya masa ba.

Daren Laraba, sanyi ya kai ashirin ƙasa da sifili,
a kan tafkin da ya daskare,
na tura da hagu, na bi dama gaba ɗaya,
kwatangwalo, kafaɗa, har da zuciyar.
Katakon ya ce suuu.
Bai tsaya ba.
Na ji Veikko can baya: biyu, uku, huɗu,
daga nan ya yi shiru.

Da na tsaya na haska fitilar goshina.
Sawuna na da gajeru ne, kamar tonon kaza.
Waɗannan dogaye ne,
ɗaya ya karkata nan, ɗaya can,
kowanne ya fi tsawona sau biyu.

Ya iso yana haki, ya miƙo mini sandunan.
Na ce ya riƙe tukuna,
akwai sauran tafki.